Bado a Tafkin Lambu: Yadda Ake Zaɓen Mai Yawan Fure

A ƙasar Hausa da bakin Tafkin Chadi ba mai shuka bado. Damina na sauka, kududdufai su cika, sai a wayi gari a ga ganyensa ya shimfiɗu a kan ruwa, yara na shiga suna tsinko 'ya'yansa, a shekarar da hatsi ya yi ƙaranci kuwa har manya su tono doyarsa su dafa. Amma a Turai da Amurka da Gabashin Asiya bado kayan ado ne da ake saye da kuɗi mai kauri. Mutum ya kan haƙa ɗan tafki a bayan gidansa, ya shimfiɗa masa roba ko ya dāɓe shi da siminti, don kawai ya ga wannan fure ya buɗe da hantsi. Abin takaicin shi ne, da yawa daga cikin masu yin haka sai su shekara uku suna kiwon ganye, furen kuwa bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Laifin wani lokaci na wurin ne, wani lokaci na kulawa, amma mafi yawa tun ranar saye aka yi kuskuren, watau aka ɗauko irin da bai dace da tafkin ba.

Kafin a zo ga zaɓe, ya kamata mai karatu ya san yadda furen kansa yake rayuwa, gama a nan ne dalilin neman mai yawan fure yake. Furen bado guda ɗaya kwana uku ko huɗu kaɗai yake yi. Ran farko yana buɗewa da ɗan ruwa mai zaƙi a tsakiyarsa, ƙwaron da ya zo da garin wani fure a jikinsa ya faɗa ciki, garin ya wanke ya zauna. A ranakun da suka biyo baya ruwan ya ƙafe, furen ya shiga fid da nasa garin. Kowace rana kuma ya kan rufe da la'asar ko kafin nan. Da kwanakinsa sun cika sai ya nutse, in an yi barbara 'ya'yan su nuna a ƙarƙashin ruwa. To, tun da haka ne, tafkin da ake so a gan shi da fure daga Yuni har Satumba tilas ya sami shukar da ba ta fasa turo sabon toho. Girman fure ko kyan launinsa a hoton takardar talla ba ya gaya wa mai saye kome game da wannan hali.

Har wajen tsakiyar ƙarni na 19, Bature mai lambu ba shi da wani zaɓi. Badon da ke jure sanyin Turai farin nan ne na ƙasar, wanda masana ke kira Nymphaea alba, mai son zurfi, mai cin fili. Masu launi, shuɗi da ja da shunayya, na ƙasashen zafi ne, ba sa rayuwa sai a ɗakin gilashi da ake hura wa wuta, abin da sai masu hannu da shuni. A irin wannan ɗaki ne, a gidan Chatsworth na Ingila, Joseph Paxton ya sa ƙaton badon Kogin Amazon ya yi fure a 1849, har ya tsai da 'yarsa ƙarama a kan ganye guda bai nutse ba. Jijiyoyin ƙarƙashin ganyen na daga cikin abubuwan da suka ba shi dabarar ginin gilashin nan, Crystal Palace, na bajekolin London a 1851. Abin mamaki ne ƙwarai, amma bai amfani mai ƙaramin lambu da kome ba.

Wanda ya sauya al'amarin wani Bafaranshe ne, Joseph Bory Latour-Marliac, wanda aka haifa a 1830. A 1875 ya kafa gandun renon shuke-shuken ruwa a ƙauyen Le Temple-sur-Lot, a kudu maso yammacin Faransa, inda akwai maɓuɓɓugan ruwa. Ya tattaro bado daga wurare dabam-dabam: mai ruwan ɗorawa daga kudancin Amurka ta Arewa, mai ƙanshi daga gabashinta, da wani ja da ake samu a wani ƙaramin tafki na ƙasar Suwidin. Ya yi ta haɗa aure tsakaninsu da hannu, yana ɗaukar garin wannan ya sa wa wancan, shekara da shekaru, har ya fid da iri wajen ɗari masu jure sanyi kuma masu launi. A babban bajekolin Paris na 1889 ya nuna su, suka ci lambar farko. Cikin waɗanda suka tsaya kallo har da mai zane Claude Monet, wanda ya sayi wani fili kusa da gidansa na Giverny a 1893, ya jawo ruwa ya yi tafki, a 1894 ya aika wa Latour-Marliac da odar bado. Zane-zanen bado wajen 250 da Monet ya yi kafin mutuwarsa a 1926 daga wannan tafki suka fito.

Latour-Marliac ya rasu a 1911 bai bayyana wa duniya sirrin waɗanne iyaye ya haɗa ba. Amma akwai wani hali da yawancin 'ya'yan ruwa-biyun nan nasa suka gada, wanda ya shafi zancenmu kai tsaye: da yawansu ba sa yin iri. Shukar da ba ta ɗaukar 'ya'ya ba ta ɓad da ƙarfinta wajen nunar da su, sai ta yi ta fure. Shi ya sa har yau, bayan shekara fiye da ɗari, in aka duba jerin badon da masu lambu suka amince da shi, sunayen Faransanci ne suka fi yawa. Gandun nasa ma yana nan yana aiki a ƙauyen.

To, da me za a fara? Da awon tafki, ba da launi ba. Abu biyu ake aunawa, faɗin fuskar ruwa da zurfinsa, zurfin kuwa daga saman tukunyar shukar ake ƙirga shi zuwa fuskar ruwa, ba daga ƙasan tafkin ba. Bado bai kamata ya rufe fiye da rabi ko kashi biyu cikin uku na ruwan ba. In aka sa mai ƙarfi a ƙaramin wuri, ganyayen sai su rasa inda za su kwanta, su miƙe sama suna hawan juna kamar kabeji, furen da ya fito ya ɓuya a ƙarƙashinsu ba mai ganinsa. In kuma aka sa ƙarami a ruwa mai zurfi, duk ƙarfinsa sai ya ƙare wajen miƙa wuya don ya kai ga haske, ga shi ruwan ƙasa da sanyi, toho ba ya fita.

Mai ɗan wuri, ko da rabin ganga ne a baranda, akwai nasa. Pygmaea Helvola, ɗaya daga cikin na farkon Latour-Marliac, furensa rawaya ne mai haske, bai fi bakin ƙaramin kofin shayi ba, ganyensa da ɗigo-ɗigon ja, ruwa mai zurfin santimita 15 zuwa 25 ya ishe shi. Duk da ƙanƙantarsa yana daga cikin waɗanda suka fi kowa naci wajen fure, muddin ya sami rana da ɗumi. Sama da shi kaɗan akwai dangin Laydekeri, waɗanda aka raɗa wa sunan surukin Latour-Marliac, Maurice Laydeker. Su an san su da yawan fure da ƙarancin ganye, abin da mai ƙaramin tafki ke nema ke nan. Akwai kuma Aurora, mai wani hali na ban sha'awa: ran farko ya buɗe rawaya, rana ta biyu ya koma ruwan goro, ta uku ya yi ja, har baƙo ya ɗauka iri uku aka shuka.

Yawancin tafkunan gida matsakaita ne, zurfin ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, kuma a nan ne zaɓi ya fi yalwa. Iri biyu sun cancanci a daɗe a kansu. Na farko Marliacea Chromatella, wanda aka fid da shi a 1887, mai fure rawaya kamar man shanu da ganye mai zanen ja da kore. Ba shi da ƙyuya, yana jure sanyi, yana fara fure da wuri ya kai ƙarshen lokaci, kuma ko rana ba ta cika samunsa ba ya kan yi abin kirki. Aibinsa ɗaya, yana da ƙarfi, in aka bar shi shekara huɗu ba a raba ba sai ya cushe. Na biyu James Brydon, wanda ba na Faransa ba ne, wani kamfanin shuke-shuke na Filadelfiya a Amurka ya fid da shi wajen shekarar 1900. Furensa ja ne mai sirkin hoda, dunƙulalle kamar ƙwarya, ganyensa zagayayye mai duhu. Shi ma yana haƙuri da 'yar inuwa, faɗinsa kuma ba ya wuce mita ɗaya da 'yan kai. In da za a ce mai lambu a Ingila ko arewacin Amurka iri ɗaya tak zai saya, da wuya a ba shi shawarar da ta fi wannan. Mai son fari kuma ga Gonnère na 1914, wanda ɓawon furensa ya yi yawa har ya zama kamar dunƙulen auduga, ko da yake bai kai waɗancan biyu yawan fure ba.

Ga babban tafki akwai Escarboucle na 1909, wanda mutane da yawa ke ganin ba a taɓa fid da jan bado kamarsa ba. Ban da tsananin jansa, yana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba: ya kan daɗe a buɗe har yamma, bayan sauran sun rufe. Ma'aikacin da ke fita da sassafe ya dawo bayan la'asar ya kamata ya yi tunanin wannan, don ba amfanin fure ɗari da suke buɗewa su rufe mai gida yana ofis. Amma Gladstoniana, farin ƙaton nan da ke iya cin faɗin mita biyu da ɗoriya, da Nymphaea alba na daji, waɗannan na tafkin gaske ne da ake shiga da kwalekwale. Sau da yawa su suka fi araha a kanti, dalili kuwa saurin yaɗuwarsu, kuma arahar nan ita ke jefa sabon shiga cikin wahala. Haka nan a yi hattara da wani ɗan'uwan bado mai suna Nuphar lutea, mai ƙaramin fure rawaya kamar maɓalli da manyan ganye. Yana rayuwa a inuwa da ruwa mai gudu, amma a tafkin gida ganye kawai zai tara. Ƙungiyar masu lambu ta Biritaniya, watau Royal Horticultural Society, tana ba da lambar yabo ga shuke-shuken da aka jarraba aka ga amincinsu, kuma Helvola da Chromatella da James Brydon da Gonnère da Escarboucle duk sun samu. Ganin alamarta a jikin takardar shuka ya fi dogara ga hoto.

Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu na ƙasashen sanyi ne. Wanda ke zaune a Kumasi ko Garwa ko Injamena ko Hartum ko Jidda, ko kudancin Amurka kamar Hustan, lissafinsa dabam ne. Masu jure sanyin, musamman jajaye masu duhu, ba sa son zafi mai tsanani, rana ta kan ƙone ɓawon furen ya yi baƙi tun bai kwana biyu ba. Nasa rabon shi ne badon ƙasashen zafi, kuma a gaskiya shi ya fi morewa, don waɗannan sun fi na Turai yawan fure nesa ba kusa ba. Ana gane su da sauƙi: furensu yana tsayawa a kan kara sama da ruwa, maimakon ya kwanta a kai, gefen ganyensu kuma sau da yawa yana da haƙora ko lanƙwasa. Suna da ƙanshi, kuma a cikinsu ne ake samun shuɗi da shunayya. Buƙatarsu ita ce ruwan ya kai digiri 21 a ma'aunin Salshiyas ko fiye. In ya sauka ƙasa da haka sai su tsaya, su koma doya su kwanta.

A nan Afirka tana da babban hannu. Shuɗin badon Kogin Nilu, Nymphaea caerulea, wanda Misirawan dā suka cika bangon kaburburansu da zanensa, har aka sami ɓawon furensa a cikin kayan Fir'auna Tutankamun, shi ne kakan shuɗɗan da yawa da ake sayarwa yau. Akwai kuma Nymphaea micrantha na Afirka ta Yamma, wanda ke da wata baiwa: a tsakiyar ganyensa, daidai inda kara ya haɗu da shi, wani ɗan ƙullutu ya kan fito ya zama sabuwar shuka da saiwarta. 'Ya'yan ruwa-biyun da suka gaji wannan hali, irin su Daubenyana da aka yi wa suna don tunawa da wani farfesa na Jami'ar Oksford, da Panama Pacific, da Tina, sun fi sauran haƙuri da sanyi da 'yar inuwa, ga yawan fure, ga kuma sauƙin yaɗawa, tun da ganye ɗaya ya isa a ba maƙwabci. Shi kuwa farin badon da aka sani a kududdufan ƙasar Hausa, Nymphaea lotus, na dare ne, yana buɗewa bayan magariba ya rufe da hantsi. Daga shi da danginsa na Indiya aka sami irin su Red Flare. A ƙasar da ba a zama a tsakar gida sai rana ta faɗi, badon dare ya fi na rana ma'ana.

Shekara da shekaru masu auren iri suna neman shuɗin bado mai jure ƙanƙara, abin ya gagara, har Latour-Marliac kansa bai dace ba, saboda dangin biyu sun yi nisa da juna. Sai a 2007 wani mutumin Tailan, Pairat Songpanich, ya ci nasara da irin da ya kira Siam Blue Hardy. Tun daga nan an sami wasu masu shunayya da ke kwana a waje cikin hunturu. Amma ƙwayar irin da ake tallatawa a intanet da hoton bado shuɗi shar kamar an tsoma a baba, ko mai launi bakwai, wannan yaudara ce. Badon da ke da suna ba a samunsa daga ƙwaya, sai daga jikin uwar.

Ko an dace da iri, akwai abubuwan da in aka rasa su fure ba zai zo ba. Babbansu rana. Bado yana son awa shida na rana kai tsaye kowace rana, in ya sami fiye ma ya fi so. Waɗanda aka ce suna haƙuri da inuwa, haƙuri ne kawai, ba so ba ne. Na biyu ruwa mai kwanciya. Ƙofofin numfashin ganyen bado a samansa suke, ba a ƙasa ba kamar na yawancin shuke-shuke, kuma ta cikin ramukan kara iska ke sauka har zuwa doyar da ke binne a laka. Famfon ado da ke yayyafa wa ganyen ruwa dare da rana yana toshe wannan hanya, ya ruɓar da ganyen. Mai son famfo da bado tare sai ya raba musu wuri, kowa da kusurwarsa.

Ƙasar shuka kuwa mai nauyi ake so, irin ta fadama mai laka. Ƙasar buhu mai sauƙi da ake saya don furannin ɗaki tana tasowa ta yi iyo, ɗanyen taki kuma yana ruɓewa ya mai da ruwan kore da gansakuka. Ana sa ƙasar a kwando ko faffaɗar tukunya, a kwantar da doyar a bar idonta a waje, kada a binne shi, sa'an nan a rufe da tsakuwa don kifi kada su tone. Ba a jefa sabuwar shuka can ƙasa gaba ɗaya. Ana ɗora tukunyar a kan tubala yadda ruwa kaɗan ne zai rufe ta, in ganye ya kai sama a zare tubali ɗaya, a haka har ta sauka mazauninta. A Turai daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni ne lokacin wannan aiki. Bado mai ci ne ƙwarai, ƙasar tukunya kuwa ba ta wuce shekara guda ta gaji. Akwai takin zamani da ake yi dunƙule-dunƙule don a cusa cikin laka kusa da saiwa, inda shukar za ta ci ba tare da ya narke cikin ruwan ba. Alamar yunwa ita ce ƙananan ganye masu rawaya da ƙarancin toho. Alamar cunkoso kuwa ganye masu miƙewa sama. Maganin cunkoso a ciro tukunyar bayan shekara uku zuwa biyar, a yanki ɓangarorin doyar masu sabon ido da wuƙa mai kaifi, a mai da ɗaya ko biyu, tsohuwar tsakiyar a yar. Tsinke furen da ya mutu da ganyen da ya ruɓe shi ma yana taimakawa.

Darɓa ta kan taru a kan toho da ganye lokacin zafi. Ba a fesa maganin ƙwari a tafki, don zai kashe kifi da kwaɗi. A sa tiyo a wanke ta cikin ruwa, kifi su cinye. Kifin ma sai an zaɓa: manyan koi suna tone saiwa su cinye sabon toho, karfasa ma tana cin ganye, tarwaɗa kuma tana dama laka. Ƙananan kifayen ado su suka fi dacewa.

A ƙasashen zafi kifin nan ba ado ba ne kawai, wajibi ne. Ruwa mai kwanciya a tsakar gida gidan sauro ne, kuma mai tafkin da ba kifin da zai cinye 'ya'yan sauron ya jawo wa iyalinsa da maƙwabtansa zazzaɓin cizon sauro da kuɗinsa. Akwai wani haɗarin da ya fi wannan ɓoyuwa. Ƙananan katantanwar ruwa da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya suna son maƙalewa a ƙarƙashin ganyen bado, su yi ƙwai a nan. Wanda ya je kududdufi ya tumɓuko bado don ya huta da saye yana iya shiga ruwan da cutar take, ya kuma kawo katantanwar gida. In ba makawa sai na daji, to a ɗauki doyar kaɗai, a yanke ganyen duka, a wanke ta sarai, a ajiye ta a bokiti dabam na 'yan makonni ana dubawa kafin ta shiga tafki. A Biritaniya ma dokar 1981 ta hana tumɓuke shukar daji ba da iznin mai fili ba. Haka kuma ba a zubar da ragowar bado a kogi ko tafkin gari. Rawayan badon Meziko, ɗaya daga cikin iyayen da Latour-Marliac ya yi aiki da su, ya tsere daga lambuna ya zama annoba a wasu ruwayen Afirka ta Kudu da Ostareliya, kamar yadda kainuwar Turawa ta toshe sassan Kogin Kwara da Tafkin Biktoriya. Gidan da ke da yara masu rarrafe kuwa, ruwa kamu ɗaya ya isa ya yi ɓarna, sai a kewaye tafkin ko a shimfiɗa ragar ƙarfe a ƙarƙashin fuskar ruwan, bado zai ratsa ta ya fito ba wata wahala.

Wajen saye, shukar da ba ta da suna, wadda aka rubuta wa "ja" ko "fari" kawai, caca ce, don ba yadda za a san girman da za ta kai. A nemi mai suna, a tambayi faɗinta da zurfin da take so. A taɓa doyar a ji ta da tauri, ba laushi ba wari, da sababbin ganye biyu ko uku suna fitowa daga idon. Doya mai laushi da baƙi alamar ruɓar gindi ce, cutar da ke iya kama sauran badon tafkin duka. Wadda aka shuka a watan Mayu ta kan ba da fure kaɗan a shekarar farko, sai a shekara ta biyu ne ake ganin ainihin halinta.